Sawu a Kan Gilashi

Da sanyin safiya labari ya gama unguwar kasuwa a Filinge: an shiga gidan Kailu direba an lalata masa mota. Kafin Na'Allah ya ƙare shan kununsa mutum uku sun yi sallama a ƙofarsa, kowa da irin nasa bayani, amma dukansu sunan mutum ɗaya suke kira, Ibrah, shi ma direba a tasha.

Na'Allah mai bin sawu ne. Ya haura shekara arba'in yana wannan aiki a ƙasar Kurfai. In aka kore wa mutum shanu a Imanan, ko aka kwance raƙumi a Damana, shi ake ɗauka a kai wurin, ya sunkuya ya dubi ƙasa ya ce ga inda suka bi. Mota kuwa iyakar saninsa da ita ya shiga ya zauna. Shi ya sa bai motsa ba, sai da Kabiru, shugaban sandika, wato ƙungiyar direbobi, ya zo da kansa yana share gumi da hularsa.

"Baba, ka taho don Allah," in ji Kabiru. "Samarin tasha sun tara duwatsu, sun ce motar Ibrah za su farfasa ita ma. Na roƙe su su dakata zuwa magariba. In magariba ta yi ba mu san gaskiya ba, wallahi ban iya riƙe su."

Na'Allah ya ajiye ludayi, ya jawo sandarsa.

Motar tana tsakar gidan Kailu, doguwa mai kujera goma sha takwas. Tsohuwa ya saya, ya yi wata guda yana gyaranta, ya sa aka shafe ta da fenti shuɗi mai ƙyalli har mutum yana ganin fuskarsa a jikinta. Gilashin gaba kuma shi da kansa ya je Yamai ya sayo sabo, Salisu mai garaji ya sa masa kwana biyar da suka wuce. Ko sau ɗaya motar ba ta ɗauki fasinja ba tukuna. Kailu yana jiran fenti ya yi ƙwari. Bai yarda ta kwana a gindin itace ba saboda kashin tsuntsaye, kuma kullum sai ya shimfiɗa mata tsofaffin zannuwa kafin ya rufa tamfol, don kada tamfol ɗin ya goge ta.

Yanzu ga gilashin ya tsage tun daga kusurwar ƙasa har sama. Ƙofar gefe kuma ta lotsa wuri shida ko takwas, fentin ya ɓare, ƙarfe ya fito fili.

Kailu yana tsaye kusa da ita, idanunsa jajur. "Ka gani, Baba? Makon jiya munka yi cacar baki da Ibrah bisa fasinjan Damana. Gaban kowa ya ce, mu gani in shuɗin nan zai kai ranar kasuwa. Ga shi bai kai ba."

"Tamfol ɗin fa?"

"Iskar ruwan jiya da magariba ta yaye shi. Ina masallaci, da na dawo duhu ya yi, na ce da safe in gyara."

Na'Allah ya sa aka fitar da 'yan kallo, ya tsuguna. Ruwan jiya shi ne na fari a bana, ƙasa ta yi laushi, irin ƙasar da mai bin sawu yake so. Sai dai duk kewayen motar an share shi tas da tsintsiya. Ya bi layin sharar da ido. Gajeren hannu ne ya yi ta, kuma cikin sauri, don mai sharar ko tara datti bai yi ba.

Daga bakin ƙofa ya ga sawu. Takalmin taya ne, dugadugin hagu yana ɗan jan ƙasa. Mai shi ya shigo taki huɗu, ya tsaya, ya juya ya fita da dogon taki. Duk Filinge an san Ibrah yana ɗingisa ƙafar hagu.

"Shi na!" in ji Kailu. "Mi ya rage kuma?"

"Sawun nan bisa shara yake," in ji Na'Allah. "An riga an share kafin ya shigo."

"To dawowa ya yi ya ga aikinsa."

Na'Allah ya matsa ga ƙofar motar, ya auna lotsawar da sandarsa. Duka tsayinsu ɗaya, ba wadda ta wuce cinyar mutum, kuma biyu-biyu suke. Fitilu lafiya lau, madubin gefe lafiya lau. Ya shafa gilashin da yatsa yana neman inda dutse ko ƙarfe ya sauka, bai samu ba. Tsagar ta fito ne daga ƙarƙashin baƙar robar da ta kewaye gilashin.

A tasha ya tarar da Ibrah zaune cikin motarsa, ya rufe ƙofofi. Samari suna gindin rumfa suna hararar motar. Ibrah mutumin Sanam ne, shekararsa biyu kacal a garin, ba shi da dangi a nan sai matarsa da 'ya'ya uku. Da ya ga Na'Allah ya buɗe masa.

"Ka shiga gidan Kailu yau?"

"Na shiga, Baba. Ban ɓoye maka."

"Mi ya kai ka?"

"Ruwan jiya ya cinye gefen hanya wajen ƙoramar da ke gaban gari. Na san gobe zai fara fita da motar, bai sani ba. Maganar da na faɗa masa makon jiya ta dame ni, na ce bari in kai masa wanga labari bayan asuba, mu shirya. Ina shiga na ga gilashi a tsage. Sai maganar tawa ta faɗo mini. Na juya da gudu."

"Da ka tsaya ka yi sallama."

"Na sani." Ya dubi samarin. "In sunka fasa motar ga, Baba, ba ni da abin da zan ciyar da gida. In sandika ta kore ni kuma, sai dai in kwashi iyali in koma Sanam da sunan mai ɓarna."

Na'Allah ya sha jin rantsuwar ɓarayi, ya kuma sha jin ta masu gaskiya, ya san da kunne kaɗai ba a rarrabe su. Abin da ya sani shi ne takin shigar Ibrah na mutum ne mai tafiya hankali kwance, ba ya ɗauke da komai. Ya ce masa ya zauna inda yake, kada ya tanka wa kowa.

Garajin Salisu yana bayan kasuwar dabbobi, rumfar kwano ce da ɗaki ɗaya, da gawar wata tsohuwar mota da ciyawa ta fara fitowa ƙarƙashinta. Salisu mutum ne mai hannu, kowa ya yarda da aikinsa, shi ma ya san haka. Yana kwance ƙarƙashin wata mota, bai fito ba sai da aka yi sallama sau biyu.

"Ka ga gilashin Kailu?" in ji Na'Allah.

"Na ji labari. Jifa ce. Ko an buga da ƙarfe."

"Ka je ka gani?"

"Ba sai na je ba, Baba. Sabon gilashi ba ya tsagewa haka kawai."

"Ni ban ga inda dutsen ya sauka ba."

Salisu ya ɗauki tsumma yana goge hannu, ya goge, ya sake gogewa. "Wani lokaci ba a gani," ya ce.

Na'Allah ya yi masa sai an jima. Yana fita ya ratsa ta gefen gawar motar nan. Ko'ina a jikinta tsatsa ce da ƙasa, sai gurbin gilashin gaba kaɗai, wanda babu gilashi a ciki, bakinsa yana da sababbin yankan wuƙa masu haske. Ya tsaya ya duba, bai san abin da zai yi da wannan ba, ya riƙe shi a ransa ya wuce.

Bayan azahar ya koma gidan Kailu, amma ba wajen motar ya nufa ba. Ya zagaya bayan ɗakuna inda Habsa, gwaggon Kailu wadda ta rene shi tun rasuwar uwarsa, take kiwon ragon layya. Ya same ta zaune kan turmi ta haɗa kai da gwiwa. Ragon fari ne ƙato, an ɗaure shi da sabuwar igiya, guntun tsohuwar kuma yana rataye a jikin turke. An shafe ƙahonninsa da toka.

"Habsa, ina gajiya?"

"Ba gajiya, Na'Allah." Ba ta ɗaga kai ba.

Ya kama ƙahon ragon, ya tofa yawu a babban yatsa ya murza. Toka ta fita, shuɗi ya bayyana.

Habsa ta fashe da kuka. Ta ce ta fito alwalar asuba gari ya fara haske, sai ta ji ƙara kamar ana dukan gangar ƙarfe. Ragon ya tsinke igiya, ya ga wani rago cikin ƙyallin fentin, yana ja da baya yana kai masa karo. Da ƙyar ta janye shi. Da ta ga abin da ya faru hankalinta ya tashi, ta ɗauki tsintsiya ta share sawunsa.

"Yaron ga wata guda bai yi barcin kirki ba saboda motar ga," ta ce. "In ce masa ragona ya yi? Sai na ji ana kiran sunan bawan Allah can, bakina ya ƙara mutuwa. Tun safe ban sa ko ruwa a cikina ba."

"Gilashin fa?"

"Shi ma ragon na ɗauka."

"Ragonki ba ya kai can, ko ya miƙe bisa ƙafa biyu."

Nan abin ya tsaya masa. Rabin laifin ya sauka daga kan Ibrah, rabi yana nan, kuma rabin da ya rage ya isa a fasa masa mota. Na'Allah ya ɗauko tabarma ya zauna gefen motar shi kaɗai yana kallon gilashin. Ya yi la'asar a nan. Rana ta fara sunkuyawa yamma.

Tun yana yaro mahaifinsa ya koya masa cewa sawun da ba a gani da tsakar rana yana fitowa in rana ta yi ƙasa, in mutum ya sa sawun tsakaninsa da ita. Ya tashi, ba don yana sa ran komai ba, ya zagaya gabas da motar, ya kwantar da kumatunsa kusa da gilashin ya dubi yamma. Ya daɗe a haka. Sannan ya miƙe ya aika a kira Kabiru, a ce ya zo da Ibrah da Salisu da duk mai son ji.

Tsakar gidan ta cika har kan katanga. Ibrah yana tsaye bayan Kabiru. Salisu ya tsaya can bakin ƙofa.

Na'Allah ya sa aka jawo ragon, mutum biyu suna riƙe da igiya, aka kai shi ɗaya gefen motar inda fenti yake lafiya. Ragon ya tsaya, ya dubi ragon da ke cikin shuɗin, ya huci, ya ja da baya ya zabura. Da ƙyar suka riƙe shi, ya rage ɗan kaɗan ya kai. Wani ya ƙyalƙyale da dariya, sauran suka ɗauka. Na'Allah ya nuna musu ƙahon.

Kailu ya juya ya dubi gwaggonsa. Ta rufe fuska da mayafi.

"Ka yafe mini, ɗana."

"Haba Gwaggo," ya ce a hankali. "Da kin faɗa mini. Mota ta fi ki ne?"

"Rago dai ba ya hawa gilashi!" wani daga samarin ya ɗaga murya. Dariya ta mutu, idanu suka koma kan Ibrah.

"Kailu, taho nan," in ji Na'Allah. "Sa fuskarka inda na sa tawa. Dubi wajen rana. Mi ka gani?"

Kailu ya sunkuya. "Zane-zane… siraran layuka, sun lanƙwasa kamar baka. Biyu, ɗaya nan, ɗaya can. Suna da yawa."

"Mi ke yin irin wanga zane a gilashin mota? Ni ban sani ba, ku ne direbobi."

Kabiru ya sunkuya shi ma ya duba. "Sandunan share ruwa ne. In sunka daɗe suna goga rairayi bisa gilashi haka suke bari. Amma wanga aikin shekaru ne."

"Sandunana suna cikin ɗaki," in ji Kailu. Muryarsa ta canja. "Na cire su tun kafin a yi fenti, ban mayar ba. Ba su taɓa taɓa gilashin ga ba."

"To wanga gilashi ya yi shekaru yana tafiya bisa wata mota," in ji Na'Allah. "Ba shi ka sayo a Yamai ba. Kuma ba wanda ya jefe shi. Salisu, gawar motar da ke garajinka, ina gilashinta?"

Salisu ya dubi ƙofa, ya dubi jama'a. Sai ya zame ya zauna a ƙasa ya cire hula.

"Naka yana ɗakina cikin bargo, Kailu, ko ƙwarzane babu," ya ce. "Ni na rubuta maka lambar da za ka sayo, kuma kuskure na yi. Da na ɗora shi sai na ga ya gaza da yatsa biyu, na wani samfurin ne. Shekara ashirin ina wanga aiki, na ji kunyar in ce na aike ka Yamai a banza. Na cire na gawar motar can, irin taka ce, na goge shi da kyau, na manna masa takardar sabon. Yana da ɗan ɓalli a kusurwa, na tura shi ƙarƙashin roba. Na ce in na samu mai zuwa Yamai in musanya, in kira ka da wani dalili in sa maka naka. Jiya ya sha rana wuni guda, ruwan sanyi ya sauka masa, ɓallin ya buɗe."

"Kunyar taka ita ce ƙaramin abu," in ji Kabiru, ransa a ɓace. "Tun safe kana ji ana kiran sunan mutum, ana tara masa duwatsu, ka ce jifa ce."

Salisu bai ɗaga kai ba. "Na yi. Ba ni da abin cewa."

Ibrah ya jingina da bango, ya sulale ya zauna yana maimaita alhamdu lillahi. Kailu ya ratsa mutane ya je ya tsuguna gabansa ya kama hannunsa da hannu biyu. Abin da suka faɗa wa juna ba wanda ya ji. Samarin tasha suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Na'Allah ya ji kafaɗunsa sun saki, sai a lokacin ya tuna bai ci komai ba tun kunun safe. Ana kiran magariba Habsa ta aiko masa da ƙwaryar fura, ya shanye ta a tsaye.

Sandika ta yanke cewa ba za a kai maganar wajen jami'an jandarma ba. Salisu zai gyara ƙofar, ya nemo fenti irin na da, ya sa gilashin da ya dace a gaban mutane, kuma wata uku ba direban tasha da zai kai masa aiki.

Kwana huɗu bayan haka gilashin ya iso daga Yamai, an musanya shi, an kwantar da shi tsakanin katifu biyu. Na'Allah ya zo kallo, aka ba shi kujera a inuwa. Salisu ya yi aikin a hankali, ba ya duban kowa. Ya bi bakin gurbin da takarda mai gam don kada wuƙa ta taɓa fenti, ya shimfiɗa bargo a gaban motar, ya kankare tsatsar da ke cikin gurbin ya shafa mata magani. Ya zura siririyar igiya cikin robar, ya ɗora gilashin a mazauninsa. Wannan karon ya zauna daidai.

Sai ya tsaya. Aikin na mutum biyu ne, ɗaya a ciki yana jan igiya, ɗaya a waje yana danna gilashin da tafin hannu. Ya ɗaga kai ya dubi mutanen da ke tsaye. Kowa ya kau da ido. Kailu ya naɗe hannu a ƙirji.

Ibrah ya ajiye kofin shayinsa, ya nannaɗe hannun riga, ya ɗingisa zuwa gaban motar. Ya ɗora tafukansa biyu a kan gilashin.

"Nan zan danna?" ya ce.

Salisu ya dube shi. Ya gyaɗa kai, ya shiga ciki ya kama bakin igiyar.

"Ja a hankali," in ji Ibrah. "Ina riƙe."